Sunayen Da Na Datse a Littafin Mutanen Dukku

Ku da kuke ganin ɗinkin littafi ba wani aiki ba ne, ku ɗan matso. Jiya na ji ɗayanku yana cika baki wai minti goma ya ishe shi: ya tara takardu, ya danna musu ƙarfe, ya shafa gam, ya miƙa wa mai shi. Gaskiyarsa, idan dai burinsa littafin ya kai bakin titi kafin ya watse. Ni na fi shekara arba'in ina wannan sana'a a Kontagora, kuma har gobe ina tsoron takarda.

Wurin Malam Haruna na koya. Baduku ne, yana yi wa malaman gari gafaka da tadarishi, wato jaka da bangon fata na littattafansu, daga baya da littattafan boko suka yi yawa ya koma ɗinke su. Shekara biyu bai bari na taɓa littafin kowa ba. Aikina dama sitacin rogo, kuma sai da ruwan ganyen dogon yaro, don kada kyankyaso da gara su mai da littafin mutane tuwo. Sai murza zare da kakin zuma, sai goge fata har ta yi laushi. Kayan aikinmu duka ba su cika jaka ɗaya ba: basilla, allura, wuƙa, ƙashin haƙarƙarin bijimi da muke ninke takarda da shi, da wani tsohon dutsen niƙa da muke danne littafi ya kwana uku. Dokarsa guda ce da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ba a kai wuƙa gefen littafi sai an buɗe shi warƙa-warƙa an duba, saboda malamai a gefe suke rubuta sharhinsu, da sunan wanda suka ɗauki karatu a wurinsa.

Da na buɗe rumfata, kowa yana zuwa. Malamin zaure ya kawo nasa, fasto ya kawo nasa, ɗan sakandare ya zo da wanda ya gada daga yayyensa uku. Ban taɓa tambayar littafi addininsa ba, domin gara ma ba ta tambaya.

Sai ga muguwar shekarar nan, a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da komai ya yi tashin gwauron zabo. Kwali ya gagara, zare ya gagara, wanda bai ci ya ƙoshi ba kuwa ba ya tuna littafinsa ya yage. Na yi wata biyu ina ɗinkin takalma a ƙofar rumfar. Ana cikin haka wata ƙaramar maɗaba'a ta rufe, na samu injinsu na yankan takarda da araha. Ƙarfe ne baƙi mai doguwar wuƙa da hannu kamar na famfo. Ka jera littafi, ka danne, ka ja hannun sau ɗaya, gefe ya fito sumul kamar daga kanti. Shi ya dawo mini da ciniki, shi kuma ya sa mini girman kai. Na koma duk abin da aka kawo sai na datse shi, ko yana bukata ko ba ya yi.

Wata ranar Litinin, ana dab da kaka, wani dattijo ya shigo da wata mace. Ita na san ta, Malama Rifkatu ce, tana koyar da addinin Kirista a makarantar 'yan mata, ta sha kawo mini aiki. Dattijon ƙanen kakanta ne na wajen uba, Baba Danladi, manomi daga wata tunga kusa da Dukku. Ya sauke wani ƙulli daga kafaɗarsa, fatar akuya ce a naɗe, ya kwance ta a hankali kamar mai kwance jariri daga goyo. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, guda goma sha ɗaya, bangonsu ya tafi, gefensu ya yi baƙi ƙirin da dattin hannu, ya tattare kamar bakin tsohuwar tabarma.

Malama ce ta ba ni labarinsu, don Hausar Baba tana tafiya ne da sanda, yarensa na Dukanci ya fi ƙarfi. Wansa, marigayi Gado, tun suna samari ya yi fama da gyambo a ƙafa, aka kai shi asibitin mishan ya yi rani guda. A can ya koyi karatu, a can ya karɓi addinin. Da zai dawo, littafin addinin guda ɗaya ne a hannun mai wa'azin wurin, ba zai bayar ba. Sai Gado ya zauna ya kwafe abin da zai iya da hannunsa, labarin Almasihu da wasiƙun manzanni, cikin Hausar boko. Da waɗannan littattafan masu bi na yankinsu suka yi shekaru suna ibada, ana aronsu daga tunga zuwa tunga. Yanzu suna da bugaggu, amma na Gado shi ake fitowa da shi ranar godiyar kaka. Baba yana so a haɗe su a bango ɗaya kafin ranar, saura sati uku.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ku riƙe wannan maganar, irin taku ce.

Kwana biyu bayan haka Malama ta biyo ta ga yadda ake ciki, ta tarar ina ɗinki. Ta zauna a kan benci tana kallon allura tana shiga tana fita, sai ta ce ko na san mu maɗinkan littafi tsofaffin abokan tafiyarsu ne? Na ce ina ni ina tafiyar Kirista? Ta yi dariya. Ta ce a zamanin da addininsu ya fara, manyan mutane littafinsu naɗaɗɗe ne, ana warware shi kamar tabarma, sai an samu tebur da natsuwa. Masu bi na farko kuwa matafiya ne, wani lokaci ma a guje suke, sai suka fi son warƙoƙi a ninke a ɗinke, abin da mutum zai cusa cikin riga ya kama hanya.

Na dakata da ɗinkin na ce ta ci gaba. Mu a wurinmu Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sananne ne, amma yadda mabiyansa suka bazu a duniya ban taɓa jin labarinsa ba. Ta ce abin ya fara ne a wata 'yar ƙasa da ke ƙarƙashin mulkin Rumawa, kuma waɗanda suka fara bi ba sarakuna ba ne, ba attajirai ba, akwai masunta a cikinsu. Ba su da doki, ba su da runduna. Ƙafa suke da ita, sai jirgin ruwan fatake idan an rage musu hanya. Wanda ya fi kowa yawo a cikinsu ma ɗinkin tanti yake yi ya ci abinci, mai basilla ne kamata. Duk garin da ya bari, sai ya aiko musu da wasiƙa. Su karanta a ɗakin wani, su kwafa, su aika wa garin gaba, na gaba ma ya kwafa. Kusan shekara ɗari uku ana haka, ana kama su, ana kashe wasu, kafin wani sarkin Rum ya sakar musu mara.

Na tambaye ta me ke cikin wasiƙun da har mutum zai yarda a kashe shi a kansu. Ta ce akwai abin da ya girgiza talaka, akwai wanda ya girgiza masana. Talaka ya ga bawa da ubangijinsa sun sa hannu a akushi ɗaya, ya ga ana jinyar wanda danginsa suka gudu suka bari lokacin annoba, ya ji ana cewa ka yi wa maƙiyinka addu'a. Masanan Girka kuwa sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke riƙe da duniya bisa tsari, wani hankali da ba a gani, wanda ya sa rana ba ta saɓa lokacinta. Sai ga waɗannan mutane suna cewa wannan da kuke nema ya sauko ya zama mutum, ya ji yunwa, ya gaji, ya mutu, ya tashi. Wasu masanan suka yi musu dariya, wasu suka ajiye littattafansu suka bi.

Na ce mata, Malama, a nan hanyarmu ta rabu, mu ba haka muka karɓa ba. Ta ce ta sani, ba ta zo musuluntar da kanta ko kiristantar da ni ba, ɗinki ta zo gani. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Ina riƙe da rubutun wani manomi mai gyambo, kuma maganar da ke ciki ta taso tun daga bakin wani teku da ban taɓa gani ba, hannu zuwa hannu, kusan shekara dubu biyu, har ta iso bayan Dukku. Na san wahalar kwafar shafi ɗaya ba kuskure. Na yi ta tunanin hannaye nawa ke nan.

Da za ta tafi ta ƙara da cewa a ƙarshen wasu wasiƙun akwai jerin sunaye, a gai da wane, a gai da wance, har da wadda ake jin ita ta ɗauki wasiƙar ta kai. Ta ce ita wurin ya fi taɓa ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa bai ji ba.

Ranar Alhamis ta mako na gaba na fito da littafin daga ƙarƙashin dutse. Ɗinki ya zauna daram, sai dai gefen nan baƙi, tattararre, yana ɓata mini aiki. Na hango wasu 'yan zane-zane na fensir a bakin warƙoƙin, a karkace, na ɗauka wasan yara ne. Da littafin larabci ne na wani malami, wallahi da na buɗe shi warƙa-warƙa kamar yadda aka koya mini. Amma a raina na ce, wane sharhi manomi zai rubuta a gefe? Na jera, na danne, na ja hannun inji. Na share siraran takardun da suka zuba na tura cikin buhun da Iya mai ƙosai take ɗauka tana hura wuta. Na sa masa bangon jar fata. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba.

Asabar Malama ta zo karɓa. Ta yaba bangon, ta buɗe, ta karkata littafin tana duba bakin warƙa. Ta buɗe wani wurin. Ta sake buɗe wani. Sai ta zauna a kan bencin ba tare da na ce ta zauna ba.

“Malam Shehu, ina mutanenmu?”

Ban gane ba sai da ta yi bayani. Gado ba shi da takardar ɓarna, ya cika kowane shafi har ƙasa. Saboda haka duk wanda ya ɗauki littafin ya kai wata tunga, a bakin warƙa ake rubuta sunansa da inda ya kai. Shekara da shekaru ana haka. Kuma ranar godiyar kaka ba wa'azin ciki ake karantawa ba, wannan suna da shi a bugagge. Sunayen ake karantawa, ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna amsawa. Baba bai faɗa mini ba domin a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne, kamar ka kai yaro wurin wanzami ka ce kada a yanke masa kunne.

Da gudu na isa gidan Iya, ni da gemuna. Buhun yana nan, amma ta riga ta ɗebi na hura wutar jiya da ta safiyar ranar. Na kwaso sauran na zazzage a kan farin zane.

Ku da kuke cewa minti goma, ga aikin kwana tara. Kowane siririn yanki bai kai faɗin ɗan yatsa ba, kuma sun cakuɗe da na littattafan wasu. Na fara ware su da launin takarda da irin layinta. Sa'ar da na yi, wuƙar ta raba yawancin sunayen ne biyu, rabin harafi yana jikin littafi, rabi yana kan yankin, sai in yi ta gwadawa har ƙafar harafi ta haɗu da kansa. In ya haɗu, in shafa sitaci da gashin kaza, in ɗora takarda mai shara-shara ta baya, in danne da ƙashi. Dole na farke ɗinkin nan da nake alfahari da shi, na cire bangon. Malama tana zuwa bayan an tashi makaranta tana karanta mini abin da idona ya kasa. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da muka gama, wurare goma sha tara babu abin da za a liƙa, wuta ta ci. Na sa farar takarda a gurbinsu, na sake ɗinkewa, na mayar da bangon.

Malama ta ce za ta kai, ta yi wa Baba bayani. Na ce a'a, wanda ya yi ɓarna shi ke kai kansa. Na shiga a-kori-kura ta 'yan kasuwa, na sauka a Dukku, na ƙarasa da ƙafa, littafin yana cikin rigata.

Na samu Baba Danladi a gindin ɗorawa yana gyaran dami. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, har da abin da na raya a zuciyata game da manomi. Ya karɓi littafin ya daɗe yana shafa fararen wuraren da babban yatsansa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce in kwana, gobe ne godiya, in zo da fensir.

Majami'arsu ginin ƙasa ce da rufin kwano. An cika gabanta da dammunan dawa, da doya, da kaji a ɗaure. Ni aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa, inda nake jin komai. Bayan waƙoƙinsu Malama ta miƙe ta fara karanta sunayen: wane ɗan wane, ya kai tunga kaza, wance matar wane, ta kai ƙauye kaza a kanta. Kowane suna, jama'a su amsa da godiya ga Allah. Ana cikin littafi na huɗu ta iso farin wuri na farko, ta tsaya.

Sai wata tsohuwa makauniya daga layin mata ta faɗi suna, da tungar da ya kai, ba ta ko ɗaga murya ba. Mijinta ne. Jama'a suka amsa. Malama ta miƙo mini littafin na rubuta. A na biyu wani magidanci ya faɗi sunan kakarsa. A na uku mutum uku suka faɗa tare. Abin da Malama ta ba ni labari a rumfa, na mutanen da ba su da komai sai ƙafa da baki, ga shi ina gani da idona a cikin ɗakin ƙasa. Na yi tasbihi a zuciyata irin namu, don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba.

Goma sha takwas suka dawo haka. Saura ɗaya, a ƙarshen littafi na bakwai.

Kowa ya san labarin mutumin. Baƙo ne, ɗan ƙwadago daga wata ƙasa, ya yi damina biyu a wurinsu. Shekarar da rafi ya cika ya raba su da masu bi na ƙetare, akwai wata marar lafiya a can da ta roƙi a karanta mata kafin ta cika. Shi ya sa littafin cikin masaki, ya ɗora a ka, ya shiga ruwa har wuya ya kai. Da kaka ya tafi, ba a sake ganinsa ba. Amma sunansa na wani yare ne, bai zauna a bakin kowa ba, kuma ba shi da ɗa ko jika a wurin da zai riƙe shi. Shekara da shekaru suna jin sa sau ɗaya a shekara, suna amsawa, sun bar wa takarda ta riƙe musu. Wani ya ce kaza ne, wata ta ce a'a, kaza ne. Baba Danladi ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Ba a rubuta wataƙila a littafin Gado. A bar shi fari. Allah ya san shi.”

Aka yi shiru na ɗan lokaci a madadin sunan, sannan jama'a suka amsa kamar an faɗa, Malama ta wuce gaba.

Da aka tashi, wata mata ta kawo mini ruwa a ƙwarya na yi alwala, na yi azahar a gindin ɗorawar. Ina sallamewa na ga Baba tsaye yana jira, littafin a hannunsa, a buɗe a warƙar ƙarshe. Ya ce in rubuta sunana, da cewa na kawo daga Kontagora. Na ce Baba, ni Musulmi ne, kuma ni ne na ƙona muku mutum.

“Ba mu rubuta abin da ke cikin zuciya, wannan na Allah ne,” in ji shi. “Wanda ya ɗauko muke rubutawa. Kai ka ɗauko.”

Na rubuta, a bakin warƙa, a karkace, yadda Gado yake yi.

Injin yana nan, ga shi can a lungu, kuna iya amfani da shi, ba laifinsa ba ne. Amma duk wanda zai ja hannunsa a rumfar nan sai ya buɗe littafi warƙa-warƙa ya duba gefe, ko na limami ne, ko na fasto, ko na mai tallan gyaɗa. Baba Danladi ya daɗe da rasuwa. Malama Rifkatu ta yi ritaya, takan leƙo mu gaisa, ta ce har yanzu ana karanta sunayen kowace kaka. Idan an zo ƙarshen littafi na bakwai sai a yi shiru, yaran da aka haifa daga baya suna zaton haka tsarin yake tun asali. Can gaba kuma sai a kira Shehu maɗinki daga Kontagora, jama'a su amsa.

Mutumin ya shiga ruwa har wuya, ni a-kori-kura na hau. Sunana yana ciki, nasa babu.